Wilma Rudolph: yarinyar da shan inna ya kwantar, ta ciyo wa Amurka zinare uku a Roma

A ranar 8 ga Satumban 1960, a babban filin wasa na birnin Roma, wata ɗaliba ƴar shekara 20 ta miƙa hannu ta karɓi sanda a zangon ƙarshe na gudun miƙa sanda na mata. Saura ƙiris sandar ta suɓuce mata, kuma kafin ta riƙe ta da kyau ƴar Jamus ta riga ta yi gaba. Cikin mita ɗari da suka rage ta kamo ta, ta wuce. Wannan ce lambar zinare ta uku da Wilma Rudolph ta ci a gasar Olamfik ta shekarar, abin da babu wata Ba'amurkiya da ta taɓa yi a guje-guje da tsalle-tsalle a gasa guda. Shekaru kaɗan kafin wannan rana, da ƙarfe ɗaure a ƙafa take tafiya.

Ta 20 a cikin ƴaƴa 22

An haifi Wilma Glodean Rudolph a ranar 23 ga Yunin 1940 a Saint Bethlehem, wani ƙauye da yanzu ya shige cikin garin Clarksville na jihar Tennessee, a kudancin Amurka. Bakwaini aka haife ta, nauyinta kilo biyu kacal. Ita ce ta 20 a cikin ƴaƴa 22 da mahaifinta Ed Rudolph ya samu a aure biyu. Shi dako yake yi a tashar jirgin ƙasa, yana haɗawa da duk aikin da ya samu, mahaifiyarta Blanche kuwa aikatau take yi a gidajen mutane.

A wancan zamani doka ce ta raba farare da baƙaƙe a kudancin Amurka. Makaranta daban, asibiti daban, wurin cin abinci daban, har a cikin bas baƙar fata kujerun baya ne nasa. A wannan hali Wilma ta yi ta fama da ciwo tun tana ƙarama: ciwon haƙarƙari, da zazzaɓi mai fesar da jajayen ƙuraje, sai kuma shan inna, wanda ya same ta tun ba ta wuce shekara biyar ba. Cutar ta bar ta da rai, amma ta shanye mata ƙarfin ƙafar hagu. A lokacin babu rigakafi. Sai a 1955 aka tabbatar da allurar farko, bayan cutar ta riga ta yi mata illa.

Kulawar da ake bukata ba ta samuwa ga baƙar fata a Clarksville. Sai mahaifiyarta ta nufi Nashville, mai nisan kilomita 80, inda akwai kwalejin koyon aikin likita ta Meharry, wadda aka kafa domin baƙaƙe. Shekara biyu suna wannan hanya kowane mako, uwa da ƴa, a kujerun bayan bas. Likitoci suka koya wa Blanche yadda ake matsa ƙafar, ita kuma ta koya wa manyan ƴaƴanta. Daga nan aikin ya zama na gida: sau huɗu a rana wani daga cikin yayyenta zai zauna ya murza ƙafar nan. Aka ɗaura mata ƙarfe mai tallafar ƙafa, daga baya aka sa mata takalmi na musamman.

Rashin lafiya ya hana ta shiga makaranta tare da sa'o'inta, a gida ta fara karatu, sai a 1947 aka sa ta a makarantar firamare ta Cobb tana da shekara bakwai. Sannu ba ta hana zuwa. Tana da shekara 12 ta ajiye ƙarfe da takalmin asibiti, ta fara tafiya kamar kowa.

Daga ƙwallon kwando zuwa fagen gudu

Wasan da ya fara jan hankalinta ƙwallon kwando ne. Ta bi sahun yayarta ta shiga ƙungiyar makarantar sakandare ta Burt, wadda ta baƙaƙe ce zalla. Doguwa ce, siririya, ba ta zama wuri ɗaya, har mai horar da su ya laƙaba mata suna Skeeter, wato sauro. Sunan ya bi ta har girma.

A wajen wani wasan kwando ne Ed Temple ya fara ganin ta. Shi ne mai horar da ƴan gudu mata a jami'ar jihar Tennessee da ke Nashville, ita ma ta baƙaƙe, kuma yakan yi alƙalancin wasan kwando na makarantu domin ya duba yara masu ƙafa. A lokacin Wilma tana gudu a makaranta tsakanin kakar kwando da ta gaba, tana cin sa'o'inta ba tare da wani horo ba. Da aka kai ta babbar gasa a Tuskegee ta jihar Alabama, ta haɗu da waɗanda suka san sirrin abin, ta sha kaye. Nan ta gane cewa baiwa kaɗai ba ta isa. Temple ya gayyace ta sansanin horon da yake yi lokacin hutun bazara, iyayenta suka amince, ta tafi.

Ƴan matan Ed Temple

Duk wanda zai fahimci abin da ya faru a Roma sai ya san wannan ƙungiya, wadda ake kira Tigerbelles. A Amurka ta shekarun 1950 yawancin manyan jami'o'i ba su da ƙungiyar gudu ta mata, ana ganin abin bai dace da ƴa mace ba. Makarantun baƙaƙe irin Tuskegee da ta Tennessee ne suka riƙe shi, da ɗan abin da ke hannunsu. Temple malamin aji ne, horarwa ƙari ne a kan aikinsa. Filin da suke atisaye na ƙasa ne. Idan za a je gasa a mota ake cusa ƴan matan, a yi tafiyar ɗaruruwan kilomita da guzuri a jaka, domin gidajen abinci da ke kan hanya ba sa karɓar baƙar fata.

Horonsa mai tsauri ne. Lokacin bazara sau uku ake fita a rana. Wadda ta makara, kowane minti ɗaya zagaye ɗaya ne na fili. Wata rana barci ya kwashe Wilma ta makara da minti 30, ta biya da zagaye 30, ba ta ƙara ba. Ya kuma ɗora musu sharaɗin karatu: wadda ta faɗi jarrabawa ba ta da wuri a ƙungiya. Babu tallafin karatu na ƴan wasa irin wanda maza ke samu, sai dai ɗaliba ta yi wa jami'a aikin sa'o'i biyu a rana a rage mata kuɗin makaranta.

A cikin manyan ƙungiyar akwai Mae Faggs, wadda ta je Olamfik tun 1948, ta kuma ci zinare a gudun miƙa sanda a Helsinki a 1952. Ita ta ja Wilma a jiki, ta koya mata tashi da karɓar sanda. A 1956, tana da shekara 16, tana ƴar sakandare, Wilma ta samu gurbi a tawagar Amurka zuwa Olamfik na Melbourne a Ostareliya. A mita 200 tun zagayen share fage aka fitar da ita. A gudun miƙa sanda kuwa, ita da Faggs da Margaret Matthews da Isabelle Daniels, dukkansu ɗaliban Temple, suka zo na uku a bayan Ostareliya da Birtaniya. Wannan tagulla ita kaɗai ce lambar da matan Amurka suka samo a gudu a shekarar. Tauraruwar gasar ƴar gida ce, Betty Cuthbert, wadda ta ci zinare uku.

Bayan ta dawo sai rayuwa ta zo da wani gwaji. Tana ajin ƙarshe na sakandare ta samu ciki, ta haifi ƴa mace a 1958. Dokar Temple ita ce ba ya ɗaukar mai jego a ƙungiya, amma ya sassauta mata. Danginta suka karɓi rainon jaririyar, kamar yadda suka karɓi jinyar ƙafarta a da, ta shiga jami'a a wannan shekara tana karatun koyarwa. A 1959 ta ci azurfa a mita 100 da zinare a miƙa sanda a gasar ƙasashen nahiyar Amurka da aka yi a Chicago. A watan Yulin 1960, a Corpus Christi ta jihar Texas, ta yi mita 200 cikin sakan 22.9, ta zama mace ta farko da ta sauko ƙasa da sakan 23.

Mako guda a Roma

An buɗe gasar Roma a ranar 25 ga Agustan 1960, a watan da Nijar da Chadi da wasu ƙasashen Afirka da dama suka karɓi ƴancin kai. Lokacin yaƙin cacar baka ne, Amurka da Tarayyar Sobiyet suna ƙirga lambobin yabo kamar ganimar yaƙi, kuma a ɓangaren mata Sobiyet ta yi nisa. An naɗa Temple ya jagoranci matan Amurka.

Ana gobe za a fara mita 100, Wilma ta taka rami kusa da filin atisaye, idon sawunta ya gurɗe ya kumbura. Aka sa ƙanƙara, aka ɗaure, washegari ta fito. Abin da ya ba abokan gasa mamaki shi ne natsuwarta: tana iya kwanciya ta yi barci ana dab da kiran sunanta. A zagayen kusa da na ƙarshe ta yi sakan 11.3, daidai da tarihin duniya. A ranar 2 ga Satumba ta ci na ƙarshe cikin sakan 11.0, Dorothy Hyman ta Birtaniya ta zo ta biyu, Giuseppina Leone ta Italiya ta uku. Ba a rubuta lokacin a matsayin sabon tarihi ba, saboda iskar da ke tura su ta wuce mita biyu a sakan, wanda shi ne iyakar da doka ta yarda. Rabon Ba'amurkiya da cin mita 100 tun Helen Stephens a 1936.

A mita 200 ta kafa tarihin Olamfik tun zagayen farko da sakan 23.2, sannan a ranar 5 ga wata ta ci na ƙarshe cikin sakan 24.0, ta bar Jutta Heine ta Jamus a baya. Tsawonta mita 1.80 ne, ba ta da saurin tashi, amma idan ta miƙe ƙafafu daga tsakiyar fage sai tazara ta yi ta buɗewa.

Saura gudun miƙa sanda, wanda ya fi damun ta, domin shi ne hanyar da abokan karatunta za su hau dandamali su ma. Su huɗu ne: Martha Hudson, Lucinda Williams, Barbara Jones da ita, dukkansu daga jami'a ɗaya, a hannun mai horarwa ɗaya. A zagayen share fage suka kafa tarihin duniya da sakan 44.4. A na ƙarshe, duk da tangarɗar karɓar sanda, ta kamo Heine ta wuce, suka gama cikin sakan 44.5. Jamus ta zo ta biyu, Polan ta uku.

Nauyin wannan nasara ya fi fitowa idan aka duba lissafin gasar. Wasanni goma aka ware wa mata a guje-guje da tsalle-tsalle. Sobiyet ta ci shida, Romaniya ɗaya, ukun da suka rage na Amurka ne, kuma duka ukun da ƙafar Wilma a ciki. Mazan Amurka, waɗanda aka saba su ke da gajeren gudu, sun rasa mita 100 a hannun Armin Hary na Jamus, suka rasa mita 200 a hannun Livio Berruti na Italiya, sannan aka soke nasararsu a miƙa sanda saboda sun yi musanya a wajen iyaka, bayan sun riƙe kambun tun 1920. Ƴan matan da aka bari da filin ƙasa su suka fitar da ƙasar kunya. Duk da haka Sobiyet ce ta zo ta ɗaya a jimilla, da zinare 43, Amurka na da 34.

A wannan gasa ce Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun famfalaki ba takalmi, matashin ɗan dambe Cassius Clay, wanda daga baya ya zama Muhammad Ali, ya ci zinare, ɗan Senegal Abdoulaye Seye kuma ya ci tagulla a mita 200 da rigar Faransa. A cikinsu duka, Wilma na daga waɗanda ƴan kallo suka fi rububin gani. Jaridun Italiya suka sa mata suna La Gazzella Nera, wato baƙar barewa, na Faransa suka kira ta La Perle noire, baƙin lu'ulu'u.

Sharaɗin komawa gida

Bayan zagayen gasanni a Birtaniya da Jamus ta Yamma da Holand, ta kama hanyar gida. Hukumomin Clarksville sun shirya mata gagarumar tarba, kuma bisa al'adar garin farare da baƙaƙe ba sa zama a teburi ɗaya. Gwamnan jihar na lokacin, Buford Ellington, mai goyon bayan wariya ne. Wilma ta aika cewa idan za a raba mutane, ba za ta halarta ba. Tana da shekara 20, ba ta da dukiya, ba ta da muƙami, sai suna. Hukumomi suka sauko. A ranar 4 ga Oktoban 1960 aka yi jerin gwano da liyafa, fiye da mutum dubu suka ci abinci a zaure ɗaya, karo na farko a tarihin garin da aka yi taron hukuma ba tare da raba launin fata ba.

Shekarar 1961 ta zo mata da ƙarin ɗaukaka. Shugaba John Kennedy ya karɓe ta a fadar White House. A watan Yuli, a birnin Moscow, ita da abokan tawagarta suka sake kafa tarihin duniya a miƙa sanda da sakan 44.3, bayan kwana huɗu kuma ta yi mita 100 cikin sakan 11.2 a Stuttgart, wani sabon tarihin. Aka ba ta kyautar Sullivan ta gwarzon ƴan wasan Amurka marasa albashi, kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya zaɓe ta gwarzuwar shekara sau biyu a jere.

A 1962, bayan ta ci mita 100 da miƙa sanda a karawar Amurka da Sobiyet a jami'ar Stanford, ta rataye takalmi. Shekarunta 22. Ta gwammace ta sauka tana kan gaba, domin ta san duk abin da ya gaza zinare uku a Tokyo za a ɗauke shi a matsayin faɗuwa. Akwai kuma batun abinci: dokokin lokacin sun haramta wa ɗan gudu karɓar kuɗi, ga ta da ƴa, ga karatu bai ƙare ba.

Dakar, sannan ƙofar gidan abinci

A 1963 ta kammala digiri a fannin koyar da ƴan firamare. A wannan shekara gwamnatin Amurka ta aike ta Afirka ta Yamma na tsawon wata guda a matsayin jakadiyar zumunci. Ta wakilci ƙasarta a wasannin Jeux de l'Amitié da aka yi a Dakar a watan Afrilu, waɗanda suka biyo bayan na Antananarivo da na Abidjan, suka kuma share fagen gasar Afirka ta farko da aka yi a Brazzaville a 1965. Daga Senegal ta zaga Gana, Gini, Mali da Haute-Volta, wato Burkina Faso ta yau, tana ziyartar makarantu da filayen wasa, tana hira a gidajen rediyo.

A waɗannan ƙasashe, da ba su daɗe da fita daga mulkin mallaka ba, an karɓe ta da martaba. Makonni kaɗan bayan ta koma, a watan Mayu, ta tsaya tare da ɗaruruwan baƙaƙen garinsu a ƙofar wani gidan abinci na Clarksville da ya ƙi karɓar baƙar fata. Aka hana su shiga, har da ita mai zinare uku. Ba a jima ba magajin garin ya sanar cewa za a buɗe wuraren jama'a ga kowa. Dokar tarayya da ta haramta wariya a faɗin ƙasar sai a 1964 ta fito.

Rayuwa bayan gudu

Suna bai kawo mata arziki ba. Aikinta na farko koyar da ƴan aji biyu ne a Cobb, makarantar da ta yi tana yarinya, tana kuma horar da ƴan gudu a Burt. Ta yi aure sau biyu, ta haifi ƴaƴa huɗu. Neman abin riƙe iyali ya kai ta jihohi da yawa, daga Indiana zuwa Michigan, Missouri da California, tana aikin koyarwa da na shirye-shiryen matasa marasa galihu. A 1977 ta wallafa tarihin rayuwarta, aka yi fim ɗin talabijin da shi a wannan shekara, inda Denzel Washington ya samu ɗaya daga cikin fitowarsa ta farko.

A 1981 ta kafa gidauniya mai sunanta a Indianapolis, domin horar da yara wasanni kyauta tare da taimaka musu a karatu, irin tsarin da ita ta taso a ciki. Ta yi sharhin wasanni a talabijin lokacin Olamfik na Los Angeles a 1984, a 1987 kuma ta karɓi jagorancin gudun mata a jami'ar DePauw. A watan Yulin 1994, jim kaɗan bayan rasuwar mahaifiyarta, aka gano tana da sankarar ƙwaƙwalwa. Ta rasu a ranar 12 ga Nuwamban 1994 a gidanta da ke Brentwood, kusa da Nashville, tana da shekara 54. A Clarksville aka binne ta.

Abin da ta bari

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A Tokyo a 1964, ƙannenta na ƙungiya suka karɓi sandar: Wyomia Tyus ta ci mita 100, Edith McGuire ta ci mita 200. Tyus ta maimaita a 1968, ta zama ta farko, a maza da mata, da ta ci mita 100 sau biyu a jere, Madeline Manning kuma ta ci mita 800 a shekarar. Kafin Temple ya yi ritaya a 1994, ɗalibansa 40 sun je Olamfik, sun kawo lambobi 23. A 1972 Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa makarantu masu karɓar kuɗin tarayya su ba mata dama daidai da ta maza, har a wasanni, abin da ya sauya yanayin da Wilma ta taso a ciki. Sai a 1984 aka sake samun Ba'amurkiya mai zinare uku a gudu a gasa guda, wato Valerie Brisco-Hooks a Los Angeles.

A yau babban titin da ya ratsa unguwar da aka haife ta sunanta yake ɗauke da shi, jihar Tennessee ta ware ranar 23 ga Yuni domin tunawa da ita, hotonta ya hau kan sarki a 2004, har a Berlin akwai makaranta mai sunanta. Cutar da ta so ta kwantar da ita kuwa, a ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da nau'inta na asali, shekara 60 cif bayan ranar da aka buɗe gasar Roma. Amma a garuruwa da ƙauyuka da yawa har yanzu akwai waɗanda ta shanye wa ƙafa tun suna yara. Wilma ta samu uwar da ta yi shekara biyu a kan hanyar asibiti, da yayyen da ba su gaji da murza ƙafa ba, da malamin da ya buɗe mata ƙofa lokacin da dokarsa ta ce a rufe. Da waɗannan ta isa Roma.